Da Waya da Reshen Bishiya Ake Kiran Duniya

A ƙarshen mako na huɗu na watan Yunin kowace shekara, dubban mutane a Amurka da Kanada kan kwashi rediyoyinsu su bar gida. Wasu su nufi filin makaranta, wasu gona, wasu bakin tafki. Su kafa tanti, su jefa igiya a kan bishiya, su ja waya sama, su jona batir, sannan su wuni su kwana suna kiran juna ta iska daga wannan jiha zuwa waccan. A cikinsu akwai malamin makaranta, akwai likita, akwai manomi, akwai dattijon da ya ajiye aiki tare da jikarsa 'yar sakandare. Ƙungiyarsu ta ARRL, wadda aka kafa a 1914, ita ta fara shirya wannan fita a 1933, kuma manufar tana nan yadda take: a gwada ko mutum zai iya tayar da tashar sadarwa cikin 'yan sa'o'i a wurin da babu wutar lantarki, babu hasumiya, babu layin tarho.

Waɗannan su ne masu rediyon sha'awa. Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta keɓe musu wasu zanguna a iska, kusan kowace ƙasa kuma tana ba 'ya'yanta lasisi bayan jarrabawa, tare da lambar kira wadda babu mai irinta a duk duniya. Farkon lambar shi ke nuna ƙasar mutum: 5N Nijeriya, 5U Nijar, 9G Gana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan. A Amurka kaɗai masu lasisin sun haura 700,000. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ma ɗan wannan harka ne, lambarsa JY1. Ƙa'idojinsu ba su da yawa amma suna da tsauri: ba a kasuwanci a kan waɗannan zanguna, ba a sa kiɗa, ba a ɓoye ma'anar magana, kuma dole mai magana ya riƙa faɗin lambarsa domin a san ko wane ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a harkar shi ne eriya, wadda ita ce mafi arha a cikin kayan, kuma ita ce mai yanke hukunci. Rediyon miliyoyin naira da aka jona wa eriyar banza ba zai wuce bayan gari ba. Ƙaramin rediyo mai ƙarfin wat 5, wanda bai kai na kwan fitilar ɗaki ba, in ya samu waya da aka auna daidai aka rataye a inda ya dace, yana iya tsallaka teku. Masu harkar suna da ma'aunin ƙarfin saƙo mai hawa 9 a fuskar rediyonsu, kuma sai mutum ya ninka ƙarfin na'urarsa sau 4 kafin allurar mai saurarensa ta hau mataki ɗaya tak. Daga wat 5 zuwa wat 100, da duk nauyin batirin da hakan ke ci, ribar ba ta wuce mataki biyu da ɗan ɗoriya ba. Sau da yawa ɗaga waya daga tsayin katanga zuwa ƙolin bishiya yakan kawo irin wannan riba, ba tare da an kashe ko sisi ba.

To me ke fitar da su daga gida? Na farko hayaniya. Kusan duk abin da muka jona a soket yau yana fitar da ƙarar da kunne ba ya ji amma rediyo yana ji: cajar waya, inbata, na'urar cajin sola, kwan fitila na zamani, janareta. Duk wanda ya saba kama gajeren zango a tsakiyar Kano ko Kaduna, sannan ya je ƙauye da rediyonsa ya ji yadda tasha ke fita tas, ya riga ya san wannan. Mai rediyon sha'awa kuwa yana farautar muryar mutum guda ne da ke magana da ɗan ƙaramin ƙarfi daga nisan kilomita dubbai, don haka ƙarar cajar maƙwabci kaɗai ta isa ta binne masa ita. Na biyu wuri. Eriya mai kyau tana son sarari da tsayi, abin da mazaunin gidan haya ba shi da shi.

Akwai wani bashi da mu masu sauraren gajeren zango ke ɗauke da shi na waɗannan mutane, ko da yake ba kasafai ake faɗa ba. A 1912 dokar Amurka ta tura masu sha'awa zuwa zangunan da ba su wuce mita 200 ba, saboda a lokacin ana ganin gajerun zanguna ba su da wani amfani, manyan kamfanoni da sojojin ruwa suka riƙe dogaye. Da aka bar su da abin da aka raina, sai suka shiga gwaji. A watan Nuwamban 1923 Léon Deloy daga birnin Nice na Faransa da Fred Schnell daga jihar Connecticut ta Amurka suka yi musayar saƙo kai tsaye a kan zangon da ya ɗan haura mita 100, da kayan da ba su taka kara sun karya ba. Cikin 'yan shekaru manyan gidajen rediyo suka bi sahu. A kan wannan hanya ce Sashen Hausa na BBC ya iso gidajenmu daga 1957, na Jamus daga 1963, na Muryar Amurka daga 1979. Kuma in mai gabatarwa ya ce a neme su a kan mita 41 ko mita 19, maƙwabtan masu sha'awa yake ambata, domin zangonsu na mita 40 yana jingine da na 41, na mita 20 kuma ba shi da nisa da na 19.

Wannan mita da muka saba ji ita ce mabuɗin ƙera eriya. Saƙon rediyo kaɗawa ce ta lantarki da maganaɗisu da ke ratsa sarari da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa. Tazarar da yake ci kafin ya gama kaɗawa ɗaya ita ce zangonsa. Megahaz kuma na nuna sau miliyan nawa yake kaɗawa a daƙiƙa guda. In ka raba 300 da adadin megahaz, ka samu zango a ma'aunin mita: megahaz 7 ya ba ka mita 43 ba kaɗan, megahaz 14 ya ba ka mita 21 da 'yan kai. Duk wanda ya taɓa kallon mai gurmi ya ga yadda tsawon tsirkiya ke yanke irin amon da za ta bayar: ya danne ta da yatsa ta gajarce, amo ya sirance, ya sake ta, amo ya yi kauri. Haka waya take da lantarki. Kowane tsawo yana da kaɗawar da yake amsawa, kuma wayar da tsawonta ya kai rabin zango ita ce ta fi saurin karɓar ƙarfin rediyo ta watsa shi a iska.

Daga nan aka samo uwar eriyoyi, daifol, mai hannu biyu, wadda Heinrich Hertz ya yi gwaje-gwajensa da irinta a Jamus a wajajen 1887. Lissafinta guda ne: a raba 143 da adadin megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon waya gaba ɗaya. An rage lambar daga 150 ne saboda waya ta gaske, da kaurinta da abin da ke riƙe da bakinta, takan amsa kamar ta ɗan fi tsawonta. A yankinmu na Afirka da Turai zangon mita 40 na masu sha'awa yana tsakanin megahaz 7.0 da 7.2. In ka ɗauki 7.1, waya za ta kama mita 20 da santimita 14, a raba ta biyu, kowane hannu mita 10 da ɗan ƙari. Na zangon mita 20 rabin wannan ne, mita 5 kowane hannu.

Kayan aikin duk akwai su a shagon masu kayan wuta. Wayar jan ƙarfe mai laushi irin ta wayarin gida, mai silli-silli a ciki, ta fi mai ƙarfe ɗaya jure naɗewa da warwarewa. Guntun fayif ɗin roba guda uku da aka huda: ɗaya a tsakiya ya raba hannuwan biyu kada su taɓa juna, biyu a bakunan waya inda za a ɗaura igiya. Sai kebul mai zuciya da riga, wanda zai kai saƙo daga rediyo zuwa sama: zuciyar a like ta da dalma a hannu ɗaya, rigar saƙar da ke kewaye da ita a ɗaya hannun. Rediyoyin masu sha'awa an ƙera su ne su yi aiki da kebul mai turjiyar om 50, ita kuwa daifol a sarari turjiyarta na kusan om 73, tana sauka in ta kusanci ƙasa. Saboda haka kebul ɗin dish mai om 75 da ke cike da kasuwanninmu yana iya riƙe aikin in babu na ainihi. A kusa da mahaɗar, akan naɗe kebul ɗin 'yan zagaye a ɗaure, don a hana lantarki biyo bayan rigarsa ya dawo wa mai magana.

Yankan waya shi ne inda ake gane mai haƙuri. Lissafi yana kai mutum kusa ne kawai. Rigar robar da ke jikin waya, tsayin da aka rataye ta, danshin ƙasa, kwanon rufin da ke gefe, kowanne yana ɗan karkatar da ita. Don haka akan yanke ta da rarar kamar taƙi biyu a kowane hannu, a ɗaga, a auna, a sauke, a rage, a sake ɗagawa. Abin da ake aunawa shi ne yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ta maido wa rediyo, wanda suke kira SWR. In ma'auni ya nuna 1 bisa 1, ta karɓe duka. In ya nuna 2 bisa 1, kusan kashi 11 cikin ɗari ne ke dawowa, kuma ana iya aiki a haka. In ya kai 3 bisa 1, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, kuma yawancin rediyoyin zamani tun kafin nan za su rage ƙarfinsu da kansu don kada su ƙone. In wayar ta fi amsawa a ƙasa da megahaz ɗin da ake so, ta yi tsawo. In a sama ne, ta gajarce. Gogaggu ba sa saurin sa almakashi, lanƙwasa bakin suke yi su murɗe shi a jikin wayar, domin abin da aka lanƙwasa yana warwaruwa gobe in an sauya wuri. A da na'urar wannan awo sai mai hali. Yanzu akwai wata 'yar ƙarama mai shiga aljihu, NanoVNA, da ke zana wa mutum hoton halin eriyarsa a ɗan allo.

A fili da wuya a samu bishiyoyi biyu da suka tsaya daidai inda ake so. Shi ya sa mafi yawan masu fita ke ɗaga tsakiyar wayar kaɗai a kan reshe ɗaya ko sanda ɗaya, su zubo da hannuwan ƙasa ta gefe biyu, ta yi siffar harafin V a kife. Sharaɗin shi ne kada hannuwan su matse da juna fiye da digiri 90, kuma bakunan su tsaya sama da kan mutum. Sandar da ta fi farin jini ita ce ta kamun kifi mai zugewa, mai mita 6 zuwa 10, wadda in an tattara ta ba ta fi tsawon hannu ba. Ba ta ɗaukar lantarki, ba ta da nauyi. Busasshiyar gora tana yin aikin, sai dai wuyar ɗauka. In bishiya ce, a ɗaura siririyar igiya a wuyan kwalbar roba mai ɗan ruwa, a wurga ta ta haye reshe, a ja waya da ita. Darbejiya da tsamiya suna da tsayi amma ganyensu kan riƙe igiya, giginya kuwa tsayinta ya wadatar in an samu ƙetare kanta.

Daifol ɗaya zango ɗaya take so. Masu sha'awar da ke hawan dutse da rediyo sun magance wannan da yanka kowane hannu gida-gida, su sa maƙalai a mahaɗun: a buɗe maƙali waya ta gajarce ta koma ta mita 20, a rufe ta koma ta mita 40. Amma wadda ta mamaye fagen a 'yan shekarun nan ita ce wadda ake jonawa ta baki guda. Waya ce guda mai kimanin mita 20, babu kebul mai nauyi da ke reto a tsakiyarta, kuma tana amsawa a megahaz 7 da 14 da 21 da 28, domin kowannensu ninki ne na bakwai. Matsalarta ita ce a bakin waya turjiya kan kai om dubu biyu zuwa uku, nesa da 50 ɗin da rediyo ke so. Maganin 'yar taransifoma ce da mutum zai naɗa da hannunsa a kan zoben ferayit: zagaye 2 a ɓangaren rediyo, 14 a ɓangaren waya. Bakwai bisa ɗaya ke nan, kuma tun da turjiya tana bin ninkin adadin ne a kansa, bakwai sau bakwai ya ba da 49. Da ita da wayar da igiyar jifa duk suna shiga aljihun jaka. A ganina mai farawa ya fara da daifol duk da haka, domin ita ce ke koya wa hannu abin da lissafi ke nufi, kuma in ta ƙi aiki wuraren da laifin zai ɓuya ba su da yawa.

Akwai kuma eriyar tsaye: waya mai rubu'in zango, mita 5 ga zangon mita 20, a manna ta a jikin sanda. Tana harba saƙo ƙasa-ƙasa wajen bakin sama, abin da mai neman nesa ke so. Sai dai rabin eriya ce, ƙasa ce ke cike mata ɗaya rabin, kuma a nan ne yanayin wuri ke shigowa. Ruwan gishiri ya fi komai taimaka mata, shi ya sa masu zuwa tsibirai ke kafa ta a bakin teku. Ƙasar fadama mai danshi tana biye. Busasshen rairayi irin na Damagaram ko Daura a watan Maris kuwa shanye ƙarfin yake yi ya mai da shi zafi. Wanda zai kafa ta a irin wannan wuri sai ya shimfiɗa wayoyi da yawa daga gindinta zuwa kowace kusurwa, ko ya ɗaga gindin sama da ƙasa ya miƙe wayoyi biyu zuwa huɗu masu rubu'in zango a iska. Littattafan da aka rubuta a ƙasashe masu damina kusan duk shekara ba sa tsayawa kan wannan sosai, amma ga ɗan Sahel magana ce babba.

Tsayin eriya shi ke zaɓar wa mutum waɗanda zai yi magana da su, kuma a nan ne, ina ganin, amfanin ya fi kusa da mu. Can sama, daga wajen kilomita 60 zuwa ɗaruruwa, hasken rana yana caza iska ta zama shimfiɗu da ake kira ayonosfiya. Shimfiɗar sama, a wajen kilomita 300, tana lanƙwaso gajeren zango ya dawo ƙasa. Ta ƙasa-ƙasa kuma da rana takan shanye zangunan da suka fi tsawo, da dare ta watse, abin da ya sa tashoshin nesa suka fi fita bayan magariba. Ƙarfin wannan shimfiɗa yana hawa yana sauka da zagayen rana na kimanin shekara 11, wanda masana suka sanar a watan Oktoban 2024 cewa ya kai ganiyarsa. In an ɗaga daifol ta kai rabin zango daga ƙasa, mita 10 ga zangon mita 20, saƙonta kan fita a kwance ya dira a nisan kilomita dubbai, ya tsallake na kusa. In kuwa aka bar ta ƙasa, mita 3 zuwa 5 kacal, a kan zangon mita 40 da rana ko 80 da dare, saƙon kan miƙe sama kusan tsaye ya zubo a kewaye, ya rufe da'irar kilomita 300 zuwa 400 ko fiye. Dutse ba ya tare shi, kwari ba ya ɓoye masa. Daga filin wata makaranta a Kano, Katsina da Zariya da Bauchi da Maraɗi da Damagaram duk suna cikin wannan da'ira, babu hasumiya ko ɗaya a tsakani. Sojoji da ƙungiyoyin agaji sun daɗe suna amfani da wannan dabara.

Ƙananan rediyoyin hannu masu aiki a megahaz 144 zuwa 146 hukuncinsu daban ne, sai inda ido zai iya kaiwa. Daga tsayin mutum a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa bakin sama bai wuce kilomita 5 ba, amma daga kan dutse mai mita 100 yakan kai 40. Eriyar da ke ƙara musu nisa ita ce mai sanduna jere irin ta talabijin da muke ɗaurawa a kan gora, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka fito da ita a Japan a 1926. Masu sha'awa kan ƙera ta da yankakken tef ɗin awo na ƙarfe da fayif ɗin roba, su saita ta sama su saurari 'yan sama jannatin Tashar Sararin Samaniya ta Duniya a kan megahaz 145.800. Tun 2018 kuma akwai tauraron ɗan'adam na Katar, Es'hail-2, ɗauke da na'urar masu sha'awa da ake kira QO-100. Yana tsaye wuri guda a saman Afirka, yana rufe nahiyar gaba ɗaya, kuma da dish irin na kan rufin gidajenmu ake kama shi.

Fita fili ta zama wasa mai dokoki. A 2002 aka fara SOTA a Ingila da Wales: mutum ya hau ƙolin dutse da ƙafarsa, kayansa a baya, babu janareta, ya yi magana da tashoshi 4 kafin a ba shi maki. POTA, wadda ta biyo bayan wani shirin gandun dajin Amurka na 2016, tana neman tashoshi 10 daga cikin gandun da hukuma ta keɓe. Mutum zai zauna a kan dutse ya kira “CQ, CQ”, ma'ana kowa da kowa, ya faɗi lambarsa, wani ya amsa daga wata ƙasa, su gaya wa juna ƙarfin saƙo, su yi sallama da “73”. Wanda zai ɗauki kaya a kafaɗa yana lissafin kowane giram. Rediyo mai wat 100 yana jan kusan amfiya 20 in ana magana, mai wat 5 bai wuce 2 ba, batir ɗan ƙarami ya ishe shi yini. Hikimar ba sabuwa ba ce. A ranar 12 ga Disamba, 1901, lokacin da Marconi ya ce ya ji harafin S daga Poldhu ta Ingila yana kan wani tudu a Newfoundland, eriyarsa waya ce mai kimanin mita 150 da ya ɗaura wa irin abin nan na ƙyalle da sanduna da iska ke ɗagawa sama.

Ranar da wasan ke zama aiki tana zuwa ba sallama. A watan Disamban 2004 wata Ba'indiya, Bharathi Prasad, ta jagoranci tawagar masu sha'awa zuwa Port Blair a tsibiran Andaman, don kawai su ba 'yan'uwansu na duniya damar magana da wurin da ba a cika samu a iska ba. Ranar 26 ga wata girgizar ƙasa da igiyar tsunami suka katse sadarwar tsibiran. Tawagar ta fito da kayanta waje ta koma isar da saƙonnin agaji da labarin waɗanda suka tsira zuwa ga danginsu a babban yankin Indiya. A 2017 guguwar Maria ta kashe kusan kashi 95 cikin ɗari na hasumiyoyin salula a Puerto Rico, masu sha'awa suka shiga cike giɓin tare da ƙungiyar agaji ta Red Cross. Mu ma ba baƙin bala'i ba ne. Wanda ya ga abin da ɓallewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumban 2024 ya san yadda ruwa kan raba unguwa da unguwa cikin dare ɗaya. A irin wannan rana wuta ce kan fara tafiya, cajin wayoyi ya bi ta, kuma mutum goma da suka iya rataye waya a bishiya za su yi amfanin da ba ya misaltuwa.

Waya a sama tana da haɗarinta, kuma ba na so a karanta wannan a guje. Layukan wutar da ke ratsa garuruwanmu da gonakinmu na ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, ba sai an taɓa su sosai suke kisa ba. Kafin a jefa igiya ko a miƙe sanda, a ɗaga kai a duba, kuma a tsaya nesa da layi yadda ko sandar ta faɗi da tsawonta ba za ta kai shi ba. In hadari ya taso aka ji rugugin tsawa, komai nisansa, a sauke eriya a bar wurin. Da hunturu kuwa busasshiyar iska mai ƙura kan tara caji a jikin doguwar waya har ya yi tartsatsi ya lalata rediyo, don haka a taɓa bakin kebul da turken ƙarfe da aka kafa a ƙasa kafin a jona. Bakunan eriya suna ƙuna in ana magana, ko da ƙaramin ƙarfi ne, ga shi yara ba sa ganin waya su ƙyale. Batir da rediyo kuma a nema musu inuwa.

Sai maganar da ba ta damun Ba'amurke a gandun dajinsu amma ta dame mu. A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar na yau, mutumin da aka gani a bayan gari da doguwar sanda yana magana da lambobi zai jawo tambayoyi, kuma masu tambayar suna da hujja, ganin yadda miyagu ke yawo da oba-oba a dazuzzuka. Amsar ita ce a yi komai a bainar jama'a. Lasisi ya kasance a aljihu. A sanar da mai unguwa ko dagaci da ofishin 'yan sanda mafi kusa tun kafin ranar. A zaɓi filin makaranta ko filin ƙwallo da rana tsaka, a bar daji. Wanda ya matso kallo a ba shi wuri ya zauna ya saurara, domin babu abin da ake faɗa a waɗannan zanguna da kowa ba zai iya ji ba. Sayen rediyon hannu a kasuwa a hau magana da shi babu izini kuwa laifi ne a doka, kuma yana ɓata wa masu gaskiya suna.

Muna da masu gyaran rediyo da waya a kowace kasuwa waɗanda dalma ta saba da hannunsu, muna da kwalejojin fasaha da ɗaliban lantarki da ke haddace lissafin zango don jarrabawa ba su taɓa ganin ya yi aiki ba. Akwai Ƙungiyar Masu Rediyon Sha'awa ta Nijeriya, NARS, wadda ke cikin haɗaɗɗiyar ƙungiyar duniya ta IARU da aka kafa a Paris a 1925. 'Yan Sikawut na duniya tun 1958 suke da taronsu na iska, wanda yanzu ake yi a ƙarshen mako na uku na Oktoba. Ina kira ga shugabannin kwalejojin nan da malaman kimiyya da jagororin Sikawut su nemi masu lasisi su buɗe kulob, ko da rediyo ɗaya ne ga makaranta guda, ɗalibai su ƙera eriyar da hannunsu. Kai kuma mai karatu da abin ya shiga ranka, fara da saurare. Jami'ar Twente ta ƙasar Holan tana da rediyon da kowa ke iya murɗawa ta intanet kyauta. Nemi megahaz 14.2 da yamma ka ji yadda ake kira da yadda ake amsawa. Ka auna waya, ka koyi lissafin, sannan ka nemi lasisi daga hukumar sadarwar ƙasarka kafin ka danna maɓallin magana.